WA ZAI RIƘE ƊAKIN SA-IDO NA SABUWAR WAYAR ƘASA?

Daga Wakilinmu na Arewa, Minna

Duk mai sana'ar doya tsakanin Jihar Neja da Ikko ya san abin da zan faɗa. Kana Mile 12 ko Agege, ka tura wa ɗan'uwanka kuɗi ta waya domin ya yi maka lodi a kasuwar Gwada ko Paiko. Kuɗi sun fita daga asusunka, amma can shiru kake ji. Ka buga masa waya, a ce ba a samunsa. Mai doya ya riƙe kayansa, direba ya kashe mota ya shiga inuwa, rana kuwa tana ta yi. In ka tambayi dalili, amsa ɗaya ce: babu sabis.

To, a daidai wannan lokaci da kake ta zufa, akwai wani ɗaki a wani wuri inda wata 'yar alama ta rikiɗe ta koma ja a jikin allo. Akwai kuma mutumin da ke zaune gaban allon nan, aikinsa ke nan dare da rana: ya ga alamar, ya gane abin da ya lalace, ya gyara daga inda yake in zai gyaru, in ba zai gyaru ba ya tashi wanda zai je wurin. Injiniyoyi na kiran ɗakin nan NOC a taƙaice, mu kuwa bari mu kira shi ɗakin sa-ido. Abin da nake so mu duba yau, jama'a, shi ne a wace ƙasa ya kamata ɗakin nan ya zauna, kuma ɗan wa ya kamata ya zauna a cikinsa.

Ba haka kawai na tayar da maganar ba. A watan Mayu na 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a kafa wani kamfani na musamman wanda zai shimfiɗa wayar gilashi, wadda ma'aikata ke kira faiba, mai tsawon kilomita 90,000, a ƙara a kan kimanin kilomita 35,000 da ake da su, domin intanet mai sauri ta kai ga ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan. An sa wa shirin suna BRIDGE, Ministan Sadarwa Dokta Bosun Tijani ne ya ɗauko shi, an kuma ƙiyasta zai ci dala biliyan 2. A watan Oktoba na 2025 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 500 domin aikin. Kowa na maganar tsawon waya da yawan kuɗi, amma maganar wanda zai riƙe ɗakin sa-idonta ba ta shiga bakin jama'a ba. Alhali kuwa mun taɓa yin sakaci da irin wannan a 2016, kamar yadda za mu gani.

MENE NE AIKIN ƊAKIN?

Mu mutanen Minna ba za mu sha wuyar gane shi ba, domin jirgin ƙasa ne ya raya garinmu. An fara shimfiɗa hanyar jirgi daga Baro a 1907, ta ratsa ta nan ta isa Kano a 1911, sa'an nan wadda ta taso daga Ikko ta biyo ta Jebba da Zungeru ta zo ta haɗu da ita a Minna a 1912. Tsofaffin ma'aikatan reluwe za su gaya maka cewa direban jirgi, duk girman kansa, ba shi ne mai iko da hanya ba. Mai iko shi ne wanda ke zaune ɗakin sigina, wanda in ya ce tsaya a tsaya, in ya juya hanya jirgi ya bi inda ya juya.

Haka ɗakin sa-ido yake ga kamfanin waya. Kowane ƙarfen sabis da kake gani a bakin hanya, daga na Chanchaga har zuwa na ƙauyukan Mariga, kullum yana aika rahoton lafiyarsa zuwa can. In wuta ta ɗauke zai faɗa. In man janareto ya yi ƙasa, ko batir ya kusa mutuwa, ko na'ura ta ɗau zafi, ko wani ya buɗe ƙofa da tsakar dare, duk zai faɗa. In katafila ta tsinke wayar gilashi wajen aikin hanya, daga ɗakin nan za a fara ganin garuruwan da suka yi shiru, a juya maganganun jama'a su bi ta wata waya in akwai, kana a auna a gane wajen kilomita nawa aka tsinke. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne a ƙasa irin tamu, inda hukuma ta ce an tsinke wayar gilashi fiye da sau 50,000 a shekarar 2024 kaɗai, mafi yawa wajen gyaran hanyoyi.

Amma ba kallo kaɗai ake yi a ɗakin ba, kuma a nan gizo ke saƙa. Masu ɗakin suna riƙe da mabuɗan shiga cikin na'urorin kansu. Su ke sabunta su cikin dare sa'ad da jama'a ke barci. Suna iya kashe ƙarfe guda, suna iya kashe na gari guda. Ban ce suna sauraren hirar da kake yi da maiɗakinka ba, wannan wani sashe ne dabam. Amma taswirar wayoyin ƙasa duka tana gabansu: ina mai ƙarfi, ina mai rauni, wace waya ce in ta tsinke jihohi uku za su kwana shiru.

YADDA AIKIN YA FITA

A dā ba a san wannan damuwa ba. Ma'aikatar Gidan Waya ce ke riƙe da talho, har zuwa 1985 da aka haɗa sashenta na talho da kamfanin NET mai kula da wayar ƙasashen waje, aka sami NITEL. 'Yan ƙasa ne ke riƙe da kome, ana horar da su a makarantun kamfanin da ke Oshodi da Kano. Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba za mu yi wa NITEL kwalliyar da ba ta da ita ba. Har zuwa 2001 layukan da ke aiki a ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, kuma samun talho a gida sai wane da wane. A 2003 aka ba wani kamfanin Holan mai suna Pentascope riƙonta, abin ya ƙara dagulewa, aka kore shi a 2005. Transcorp ya saya a 2006, gwamnati ta ƙwace a 2009, daga ƙarshe aka sayar da abin da ya rage ga NATCOM a 2015 a kan dala miliyan 252.

Wayar hannu kuwa ta shigo a 2001, bayan da kamfanoni suka biya dala miliyan 285 kowannensu kuɗin lasisi. A shekarun farko kowane kamfani shi ke riƙe da kayansa. Ya kafa ƙarfensa, ya ɗauki injiniyoyinsa, ya buɗe ɗakin sa-idonsa. Samarinmu da yawa a nan suka koyi aiki, wasunsu ma yanzu suna riƙe da manyan muƙamai a ƙasashen waje.

Daga baya sai aka shiga yanka aikin gunduwa-gunduwa ana ba da kwangila. Kamfanin Bharti Airtel na Indiya, da ya sayi Zain a 2010, shi ya shigo da wannan salo da ƙarfinsa, domin da shi ya yi arziki a gida. Ya ba IBM aikin kwamfutocinsa, ya ba Tech Mahindra da Spanco aikin amsa kiran jama'a, abin da ya jawo rigima da ƙungiyar ƙwadago a 2011. A 2014 aka yi babban gwanjon ƙarafan sabis: MTN ya miƙa fiye da 9,000 ga IHS, Etisalat ya sayar masa da fiye da 2,000, Airtel kuma ya sayar da wajen 4,800 ga wani kamfanin Amurka, American Tower. A wannan tsakani ne kuma MTN ya danƙa kula da na'urorinsa ga Ericsson na Suwidin da Huawei na ƙasar Sin. An ce wa ma'aikata kada su damu, riga kawai za su sake, aikin yana nan.

Aikin bai daɗe yana nan ba. A ƙarshen 2016 jaridar Punch ta ba da labarin cewa Ericsson ya sallami ma'aikata kimanin 160 daga ɗakin sa-idonsa na Nijeriya, na dindindin da na kwangila, daga ran 4 ga watan Disamba, ya mai da aikin Indiya. Abin da ya fi ciwo cikin labarin, kamar yadda ma'aikatan suka shaida wa jaridar, shi ne cewa tun kafin nan an yi ta kawo Indiyawa suna zama kusa da su suna koyon aikin. Watau kai za ka koya wa wanda zai gaje ka, sa'an nan a miƙa maka takardar sallama. An yi 'yan surutai na kwana biyu, magana ta bi ruwa. Lokacin ƙasa na fama da karayar tattalin arziki, kowa ta kansa yake yi.

HUJJAR KAMFANONI

Kada mu yi musu rashin adalci, suna da abin faɗa. Kamfani irin Ericsson ya tara manyan cibiyoyinsa a ƙasashe kaɗan, Indiya da Sin da Romaniya da Meziko, inda daga ɗaki ɗaya ake kula da layukan ƙasashe masu yawa. Injiniyan da ya ga wata matsala a wata ƙasa jiya, in ta ɓullo a Nijeriya yau ba zai tsaya lalube ba. Ƙwararre guda mai tsada, wanda kamfani ɗaya ba zai iya riƙe shi shi kaɗai ba, sai kamfanoni goma su yi tarayya a kansa. Indiya kuma na yaye injiniyoyi da yawan gaske, ga su da sauƙin albashi. Za su ƙara da cewa in kuɗin gudanarwa ya ragu, talaka ne zai sami sauƙin kira. Har ila yau za su ce mana ai wannan aiki na zaman gaban allo kwamfuta na ta cinye shi, ko a Indiyar ma, saboda haka kuka muke yi a kan abin da ya kusa ƙarewa.

Akwai kuma wata hujja da ta fi waɗannan kaifi, ita ce mu ma muna neman irin wannan ciniki. A watan Satumba na 2023 gwamnati ta ƙaddamar da shirin NATEP da nufin samar wa matasa aikin yi miliyan 1 cikin shekara 5 ta hanyar karɓo ayyukan kamfanonin waje. Wata 'yar Arewa ma, Hajiya Amal Hassan, ta kafa kamfanin Outsource Global wanda matasanmu ke yi wa kamfanonin Amurka aiki daga nan gida. To, in muna murna da na wasu ya zo mana, da wane baki za mu ce namu kada ya fita?

Amsata ita ce, ba kowane aiki ne ɗaya ba. Attajiri na iya ba da wankinsa waje, ya ba da ɗinkinsa waje, har girkinsa ma in ya so. Amma ban taɓa jin wanda ya aika da mabuɗin ɗakin ajiyarsa wani gari ba don an ce masa maigadin can ya fi araha.

ABIN DA BA A SA A LISSAFI BA

Bari mu fara da gida. Jihar Neja ta fi kowace jiha faɗin ƙasa a Nijeriya, fiye da murabba'in kilomita 76,000, kuma kowa ya san halin da ƙananan hukumomin Shiroro da Rafi da Munya da Mariga suka shiga a 'yan shekarun nan. Ba a manta da ɗaliban Kagara ba a watan Fabrairu na 2021, ko yaran Islamiyyar Tegina a watan Mayu na wannan shekara. To, a ce ƙarfe ya mutu a wani ƙauye bayan Kagara da ƙarfe tara na dare. A Indiya lokacin ƙarfe ɗaya da rabi ne na dare, don sun riga mu da awa huɗu da rabi. Mutumin da ke gaban allo can ba mugu ba ne, amma abin da yake gani lamba ce da agogo, an kuma ce masa a gyara cikin awa kaza ko a ci kamfani tara. Sai ya yi ta matsa wa yaron da ke Minna lamba ya hau mota ya tafi. Wanda ya san ƙasar ba zai yi haka ba. Ya san hanyar da ba a bi bayan la'asar, ya san wadda sai ranar kasuwa ake shiga cikin ayari, ya san rafin da ba a ƙetarewa a watan Agusta. Ya kuma san cewa in ƙarafa uku da ke jere suka yi shiru lokaci guda a irin wannan yanki, mai yiwuwa ba batir ba ne, a sanar da jami'an tsaro tukuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sa'an nan ga maganar igiyar da ta haɗa mu da su. Ran 14 ga watan Maris na 2024 manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, watau WACS da ACE da MainOne da SAT-3. Ku da ke Kurmi kun fi mu shan wuyar ranar, bankuna suka tsaya, masu POS suka naɗe hannu. To, ɗakin sa-idon da ke hayin teku ta cikin irin waɗannan wayoyi yake hango mu. Lalle kamfanoni na tanadin hanya fiye da ɗaya, amma ranar nan ta nuna cewa hanyoyi huɗu na iya tafiya tare. Ranar da aka fi bukatar likita, ranar ce za a tarar hanyar gidansa ta yanke.

Akwai kuma maganar da mutane ba su son a faɗa, amma tilas a faɗe ta, don mu da kanmu muka koya wa duniya darasin. Bayan juyin mulkin da aka yi a Jamhuriyar Nijar ran 26 ga watan Yuli na 2023, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba ta ta hanyar Birnin Kebbi, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na wutarsu daga nan take zuwa. Ba a mayar ba sai a watan Maris na 2024. 'Yan'uwanmu ne na jini, harshe ɗaya, addini ɗaya, amma da siyasa ta juya, wanda ke riƙe da makunni ya kashe. Haka kuma da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, Ericsson da Nokia suka tattara nasu ya nasu suka bar Rasha. Ba na zargin Indiya da wata mugun nufi, tsakaninmu da ita sai alheri. Amma ba a gina ƙasa a kan cewa aboki ba zai taɓa sakewa ba.

Ko a cikin gida ma, makunnin nan ya zama kayan yaƙi. A watan Mayu na 2013 an rufe layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa. A watan Satumba na 2021 an rufe na Zamfara gaba ɗaya, aka bi da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ko matakin ya yi amfani ko bai yi ba, wannan muhawara ce ta wata rana, ni dai na ga 'yan gudun hijira da suka yi makonni ba su ji ɗuriyar iyayensu ba. Abin lura shi ne, umurni irin wannan sirrin soja ne kafin a zartar da shi, kuma da hannun wani ake zartarwa. Ya kamata wannan hannu ya zama wanda kotun Nijeriya za ta iya kira ya amsa.

Ƙasashen da suka fi mu ƙarfi ma sun ɗanɗana. A Ostareliya, ran 18 ga watan Satumba na 2025, wani aikin sabunta na'ura a kamfanin Optus ya toshe lambar kiran gaggawa a wasu jihohi fiye da awa 12, aka kuma danganta rasuwar wasu mutane da hakan. Jama'a sun buga sun kai ƙara tun da wuri, amma ƙarar ta faɗa hannun masu amsa kira da ke ƙasashen waje, ba ta isa ga manya a kan kari ba. Binciken da aka yi ya sami kamfanin da ɗan kwangilarsa Nokia da kurakurai, kamfanin kuma ya yi alkawarin mai da wasu ayyukan gida. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi.

Arahar ma da ake taƙama da ita, a sake duba ta. Ma'aikacin Ikko da naira ake biyansa, na hayin teku kuwa da kuɗin waje. A farkon 2016 dala ɗaya tana kan naira 197 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura naira 1,500. A shekarar 2024 ɗin MTN na Nijeriya ya yi hasarar wajen naira biliyan 400, akasari saboda faɗuwar naira, kuma a watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Ban ce ɗakin sa-ido ne ya jawo wannan ba, haya da man ƙarafa sun fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Amma duk abin da ka ɗora a kan dala, ranar da ta tashi da kai za ta tashi.

Wanda ya fi damuna duka shi ne na yaranmu. A nan Minna muna da Jami'ar Fasaha ta Tarayya tun 1983, a Bosso da Gidan Kwano, tana da sashen injiniyan sadarwa da sashen tsaron kwamfuta. Kowace shekara tana yaye ɗalibai. Ku zagaya kasuwannin waya na Minna ko Computer Village ta Ikeja, za ku tarar da wasunsu suna liƙa gilashin waya suna sayar da caja. Sana'a ce, ba abin kunya ba ne, amma ba don ita iyayensu suka sayar da doya da shanu ba. Ɗakin sa-ido shi ne matakin farko na tsanin wannan aiki. A nan sabon injiniya ke kwana yana ganin yadda layuka ke mutuwa da yadda ake tashinsu, shekara biyu, uku, har ya zama wanda ake tasa da dare in abu ya gagara. In aka cire matakin farko, ta ina za a hau? Bayan shekara goma sai a ce mana ba mu da ƙwararru, tilas a ɗauko daga waje. In ma kwamfuta za ta cinye rabin aikin kamar yadda ake faɗi, ai sai an sami wanda zai sarrafa kwamfutar, shi ma daga ƙasa zai faro.

DOKA TANA NAN, AMMA DA ƘOFA

Iyayenmu sun ga dokar mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 da ta 1977. A zamaninmu an yi ta man fetur a 2010, wadda ta yi tasiri ƙwarai. A fannin sadarwa akwai ƙa'idojin Hukumar NITDA na 2013, akwai Umurnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5 na watan Fabrairu na 2018 wanda ya hana ba baƙo biza don aikin da ɗan ƙasa zai iya, akwai manufar fifita 'yan ƙasa a harkar sadarwa ta 2021 zamanin Minista Isa Ali Pantami, ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023. A 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umurnin da ya sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa waɗanda taɓa su babban laifi ne.

Takardu kam ba mu da talaucinsu. Amma duba Umurni na 5 da kyau. Yana tsare ƙofar filin jirgin sama ne, kada baƙo ya shigo ya karɓi aiki. Shi kuwa aikin ɗakin sa-ido ba ya bukatar baƙo ya shigo. Aikin ne ke fita, ta cikin waya, ba biza, ba kwastan, ba hatimi. Umurnin 2024 kuma ɓarawon batir da direban katafila ya fi sa wa ido. An tsare jiki, an bar kai.

TUN RAN GINI

Shi ya sa na ce maganar BRIDGE ba ta jira. Bisa tsarin da aka bayyana, 'yan kasuwa ne za su riƙe mafi yawan hannun jarin kamfanin, gwamnati ta riƙe ƙasa da rabi. Wannan ba laifi ba ne, wanda ya ga ƙarshen NITEL ba zai yi gardama ba. Amma ɗan kasuwa riba ya zo nema, kuma duk mai ba da shawara da zai ɗauka zai nuna masa cewa hanya mafi sauƙi ita ce ya jingina sabuwar wayar a wani ɗaki da ke aiki tuni a wata ƙasa. In ba a rubuta cikin yarjejeniya tun farko ba cewa ɗakin sa-ido da mabuɗansa za su zauna a Nijeriya, a hannun 'yan Nijeriya, to bayan an sa hannu sai dai roƙo. Bambancin wannan da na 2016 shi ne, wancan kuɗin kamfani ne, wannan kuwa akwai bashi a ciki wanda mu da 'ya'yanmu za mu biya. Kuma a kan wayar nan ake shirin ɗora asibitoci da makarantu da ofisoshin ƙananan hukumomi. A ɗauko ƙwararrun waje su zo su koyar, a biya su haƙƙinsu, a sa musu wa'adi. Ita kuma NCC ta riƙa buga wa jama'a kowace shekara inda ɗakin sa-idon kowane kamfani yake da yawan 'yan ƙasa da ke ciki. 'Yan majalisarmu da ke zama a kwamitocin sadarwa, ga tambayar da za ku yi wa minista.

Ba sabon abu muke nema ba. Wutar lantarkin ƙasar nan daga Oshogbo ake sarrafa ta, aka kuma ajiye ɗaki na biyu a Shiroro, nan kusa da mu, don ko ta-kwana. Ko sa'ad da aka ba kamfanin Manitoba na Kanada riƙon manyan layukan wuta daga 2012 zuwa 2016, ba wanda ya ce a ɗauke Oshogbo a kai Kanada. Haka ya kamata a yi wa wayar gilashi, ɗaki biyu nesa da juna, kuma kada a jibge su duka a Ikko inda wayoyin teku ke sauka. Ɗaya ya zo Arewa. Kano na da hujja, don kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone ya gina babbar ma'ajiyar bayanai a can wadda aka buɗe a 2023. Minna ma na da tata: ga jami'a, ga kusanci da Abuja, ga shi duk abin da zai haura Arewa ta yamma sai ya ratsa jihar nan ta Jebba da Mokwa. Gwamna Mohammed Umar Bago kuma ya yafe kuɗin haƙa ramin waya a 2024, inda farashin da aka daidaita a ƙasa yake naira 145 kowace mita.

Sai dai kafin mu buɗe baki mu nema, mu dubi kanmu. Ɗakin sa-ido ba ya jure ɗaukewar wuta ko ta minti ɗaya. Jihar da ke da madatsun ruwa huɗu, Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, har take kiran kanta jihar lantarki, ita ce unguwarmu ke kwana biyu ba ta ga ƙyallin wuta ba. Wannan sharhi ma da fitilar caji na ƙarasa rubuta shi, sa'an nan na taka zuwa bakin titi neman sabis kafin in aika da shi Ikko.